Ƙwayoyin Cuta a Jinin Kyanwa: Yadda Ake Gano Su da Yadda Ake Maganinsu

A ƙa'ida jinin dabba mai ƙoshin lafiya ba ya ɗauke da bakteriya. Duk ƙwayar da ta kutsa cikinsa, fararen ƙwayoyin jini da saifa da hanta kan cafke ta su hallaka ta nan da nan. Ciwo na samuwa ne idan wannan tsaro ya gaza, ko kuma idan ƙwayar tana da dabarar ɓuya har ta sami wurin zama ta hayayyafa. A jikin kyanwa abin kan zo ta fuska uku. Akwai ƙwayar da ke manne wa jajayen ƙwayoyin jini ta jawo ƙarancin jini. Akwai wadda ke zama cikin jinin wata da watanni kyanwar ba ta nuna komai ba, amma tana iya tsallakawa zuwa jikin mutum. Sai ta uku, gubar jini, wadda ke tasowa daga rauni ko ruɓa a wani sashe na jiki, tana kuma iya kashe dabbar cikin kwana ɗaya ko biyu. A idon mai gida duk abu ɗaya ne, kyanwa ta kwanta ta ƙi cin abinci. A wajen likita kuwa kowacce da gwajinta, kowacce da maganinta, wanda ya warkar da wannan kuma ba lallai ya taɓa waccan ba.

Rayuwar kyanwar birni

A unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi, irin su Kawo, Unguwan Dosa, Badarawa, Malali, Unguwan Sarki, Unguwan Shanu da Tudun Wada, akasarin maguna a sake suke. Kyanwa na da gidan da take cin abinci, amma yininta da darenta a kan katanga, cikin silin, bayan shago ko bakin kwata take yin su. Masu shagunan hatsi da kayan masarufi na son ta saboda ɓera. A gidajen Musulmi kuma, tun da fiƙihu bai ɗauke ta najasa ba, tana shiga ɗaki, ta hau shimfiɗa, yara su yi ta wasa da ita.

Wannan yawo yana buɗe wa cuta ƙofofi uku. Ta farko faɗa ce, musamman tsakanin muzurai a kan mace ko a kan wurin zama. Haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura: yana huda fata ya ajiye ƙwayoyin baki can ciki, bakin raunin kuma ya rufe nan take. Ta biyu ƙuma ce. Macen ƙuma na iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ba ya zama a jikin dabbar, faɗowa yake yi a tabarma, buhu, tsumma da tsagar ƙasa. Tsutsar ƙuma na bukatar laima, shi ya sa damina, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ita ce kakarta a Kaduna. Bushewar hunturu na rage ta a fili, amma ba ta kai mata a ƙarƙashin gado ko kusa da randa. Ƙofa ta uku rashin allurar rigakafi ce, wanda ke barin 'ya'yan kyanwa a buɗe ga cututtukan da ke karya garkuwar jiki.

Ƙwayar da ke cinye jini

Bakteriyar da ta fi jawo wa kyanwa ƙarancin jini ita ce Mycoplasma haemofelis. A Afirka ta Kudu aka fara ba da rahoton ganinta a jinin kyanwa a 1942, sannan a Amurka a 1953. An daɗe ana kiranta Haemobartonella felis, sunan da har yanzu yake cikin tsofaffin littattafai, kafin binciken ƙwayoyin gado ya sa aka sauya mata dangi da suna a 2001. Tana da 'yan'uwa biyu da ba su kai ta zafi ba, haemominutum da turicensis, ta biyun a Suwizalan aka gano ta a 2005.

Halaye biyu na wannan ƙwaya ne ke wahalar da likitoci. Ba ta tsirowa a ɗakin gwaji kamar sauran bakteriya, sai cikin jinin mai rai. Sannan ba ta da ɓawon nan mai tauri da ke kewaye da yawancin bakteriya, alhali shi ne abin da fenisilin da danginsa ke fasawa.

Ɓarnarta ta bayan fage ce. Takan manne a bayan jar ƙwayar jini ta ɓata mata siffa. Garkuwar jiki sai ta ɗauki ƙwayar jinin a matsayin baƙuwa, saifa ta tsame ta daga cikin jini ta narkar. A ƙa'ida jar ƙwayar jinin kyanwa takan yi kwana 70 zuwa 80 tana aiki, amma a wannan hali sai a riƙa hallaka su da yawa cikin 'yan kwanaki, ɓargo ya kasa cike giɓin. Saifa takan kumbura, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, wani lokaci launin shawara ya bayyana saboda yawan jinin da aka narkar. Littattafan likitancin dabbobi sun nuna cewa kimanin 1 cikin 3 na magunan da ciwon ya kama da zafi na iya mutuwa idan ba a yi magani ba. Waɗanda suka tashi kuwa da yawansu kan ci gaba da ɗauke da ƙwayar a ɓoye, ta sake tayar da kai idan wata cuta, ciki ko yunwa ta raunana su.

An fi samun ciwon a muzurai masu yawo da faɗa, abin da ke nuna cewa cuɗanyar jini wajen cizo na daga cikin hanyoyin yaɗuwarsa. Ƙarin jini daga kyanwa mai ɗauke da ƙwayar hanya ce tabbatacciya, an kuma sha samun alamar ƙwayar a cikin ƙuma. Ciwon ya fi muni ga kyanwar da ke da bairos ɗin FeLV, mai jawo sankarar jini, ko FIV, mai karya garkuwar jikin kyanwa. Waɗannan biyun na maguna ne kawai, ba sa kama mutum.

Ƙwayar da ke zaune lafiya da kyanwa

Bartonella henselae ta bambanta. Ƙuma ce ke yaɗa ta tsakanin maguna, ta hanyar kashinta. Ƙuma ta sha jinin mai ɗauke da ƙwayar, ta yi kashi a gashin wata, waccan ta yi susa ta cusa kashin cikin fatarta. Daga nan ƙwayar kan zauna cikin jini watanni, wani lokaci fiye da shekara, kyanwar tana cin abincinta tana kama ɓeranta. Kaɗan ne ke yin zazzaɓi, kumburin kaluluwa, ciwon ido ko ciwon zuciya. An fi samunta a jinin magunan da ba su kai shekara ɗaya ba, da kuma a ƙasashe masu zafi da laima inda ƙuma ke walawa.

Muhimmancinta ya fi karkata ga mutane. Kashin ƙuma na maƙalewa a ƙarƙashin farcen kyanwa, idan ta yi yaƙushi sai ya shiga raunin. Likitan yara Robert Debré na Faris ne ya bayyana ciwon yaƙushin kyanwa a 1950, amma sai a farkon shekarun 1990 aka tabbatar da ƙwayar da ke jawo shi. Bayan kwana 3 zuwa 10 wani ɗan ƙurji kan fito a wurin yaƙushin, bayan mako 1 zuwa 3 kuma kaluluwa ta taso a hammata, wuya ko matsematsi, gwargwadon inda raunin yake. Ga mai ƙarfin garkuwa yakan wuce da kansa cikin 'yan watanni. Ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ko mai shan maganin daji, yana iya taɓa hanta, fata, ido ko zuciya.

Gubar jini

Ta ukun, wadda likitoci ke kira sefsis, ba ƙwaya ɗaya ce ke jawo ta ba. Bakteriyar da ke zaune a baki, hanji ko fata, irin su Pasteurella multocida da Escherichia coli, su ne ke samun hanya su kwarara cikin jini. Tushen na iya zama cizon da ya tara mugunya, mugunya a ƙirji, hanjin da ƙashin kifi ko zare ya huda, mahaifar da ta ruɓe bayan haihuwa ko ɓari, ko ciwon mafitsara da ya hau zuwa ƙoda. A jarirai cibiya ce babbar ƙofa, a 'yan watanni kuma bairos ɗin nan mai sa amai da gudawa, wanda ke kwashe fararen ƙwayoyin jini ya kuma saɓule cikin hanji.

Abin da ke kisa a nan shi ne martanin jiki da ya wuce kima. Jijiyoyin jini kan saki, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda da hanta da huhu su rasa iskar da suke bukata. Kyanwa tana da nata salo da ke ruɗar mutane. Kare ko mutum mai gubar jini jikinsa kan yi zafi, zuciyarsa ta yi sauri. Kyanwa kuwa sau da yawa jikinta sanyi yake yi, bugun zuciyarta ya ragu. Mai gida ya taɓa ya ji ba zazzaɓi ya ce da sauƙi, alhali lokacin ne abin ya fi ƙamari.

Abin da za a duba a gida

Mage mai kwanciyar ɗaukar rai ce ko da lafiyarta lau, don haka yawan kwanciya kaɗai ba ya tayar wa kowa hankali. Ga shi kuma ɗabi'arta ce ɓoye ciwo. Alamomin farko ƙanana ne: ta rage ci, ta daina lasar jikinta har gashin ya hargitse, ta daina hawa katangar da ta saba, ta nemi lungu mai duhu. Wasu masu ƙarancin jini kan riƙa lasar ƙasa ko siminti.

Dubawa mafi amfani ita ce ta dasashi. A wuri mai haske, ana dafa kan kyanwar a ɗaga leɓenta na sama da babban yatsa. Dasashin lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. Idan aka danna shi da yatsa zai yi fari, a ɗaga yatsan launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashin da ya yi fari fat yana nuna ƙarancin jini ko faɗuwar bugunsa. Wanda ya yi rawaya, tare da farin ido da cikin kunne, shawara ce. Wanda ya bushe yana kama yatsa, ruwan jiki ne ya ƙare.

Zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 zuwa 39.2 a ma'aunin Salshiyos, zuciyarta na bugawa sau 140 zuwa 220 a minti, numfashinta kuma sau 20 zuwa 30 idan tana hutawa. Kunnuwa da tafin ƙafa masu sanyi, numfashi da baki buɗe, kuka idan an taɓa ciki, ko ruwa mai wari daga gaban mace, duk alamu ne na a tafi asibiti a ranar. Haka ma kumburi mai zafi a kumatu, ƙafa ko gindin wutsiya kwana 2 zuwa 4 bayan an ji faɗan muzurai da dare.

Ƙuma ma ana iya tabbatar da ita a gida. A jiƙa farar takarda, a tsayar da kyanwar a kai, a taje bayanta da matsefi mai ƙananan haƙora. Baƙaƙen ɗigon da suka zubo, idan suka narke suka yi ja a kan takardar, kashin ƙuma ne, jan kuma jinin kyanwar ne.

Yadda likita ke ganowa

Bayan tambayoyi da duba jiki, likita kan ɗebi jini kaɗan daga jijiyar wuya ko ta ƙafa. Gwajin farko shi ne na PCV, wanda ke nuna kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Na kyanwa mai lafiya kan kama daga kashi 30 zuwa 45 cikin 100. Idan ya sauko ƙasa da 20 ciwon ya yi nisa, idan ya kai wajen 12 zuwa 15 kuwa an shiga maganar ƙarin jini.

Na biyu shi ne shafa ɗigon jini a kan siririn gilashi, a rina shi da rinin Giemsa, a duba da madubin likita. Wannan rini, wanda Bajamushe Gustav Giemsa ya haɗa a 1904, shi ne dai ake amfani da shi wajen neman ƙwayar maleriya a jinin mutum, don haka ba baƙo ba ne a ɗakunan gwajin Kaduna. Mycoplasma kan bayyana a matsayin 'yan ɗigo ko zobba masu shuɗi a gefen jar ƙwayar jini. Sai dai gwajin yana da rauni. Yawan ƙwayar a jini na hawa da sauka cikin sa'o'i, ana iya ganinta da safe a neme ta da yamma a rasa. Idan jinin ya daɗe cikin kwalba mai maganin hana daskarewa, ƙwayoyin kan saki su faɗo, shi ya sa ake son a shafa shi a kan gilashin nan take. Dattin rini ma na iya kama da ita. Fiye da rabin masu ciwon ana iya duba jininsu ba a ga komai ba, saboda haka rashin gani ba ya wanke kyanwa.

Gwajin da ya fi tabbaci shi ne PCR, wanda ke neman tambarin gadon ƙwayar ya kuma faɗi nau'inta. Ana ɗaukar jininsa kafin a fara magani, domin maganin na rage ƙwayar har ta ɓace wa gwajin. Aiki ne na manyan ɗakunan bincike. Ga mutanen Kaduna, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kimanin kilomita 80 daga birnin, shi ne babban wurin da ake tura abin da ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci, sai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924. A cikin gari akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da na 'yan kasuwa, ga kuma Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta jami'ar a hanyar Mando, mai horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Inda PCR bai samu ba, likita kan haɗa tarihin kyanwar da sakamakon PCV da abin da madubi ya nuna, ya fara magani ya lura da yadda jikin ya karɓa.

Idan gubar jini ake zargi, aikin neman tushe ne. Ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini, a auna sukari da aikin ƙoda da hanta, a ɗauki hoton ƙirji da ciki, a zuƙo duk ruwan da ya taru a duba. Ana kuma shuka jinin ko mugunyar a ɗakin gwaji don a ga ƙwayar da za ta tsiro da maganin da ke kashe ta. Sakamakon kan ɗauki kwanaki, don haka ba a jiransa kafin a fara magani, sai dai a gyara idan ya fito.

Ba kowane farin dasashi ba ne bakteriya. Ƙuma kaɗai na iya shanye jinin 'yar kyanwa. Tsutsar hanji, ciwon ƙoda, maganin ɓera mai hana jini daskarewa, da albasa ko tafarnuwa da ke cikin ragowar miya, duk suna jawo ƙarancin jini. Ƙwayar sammore ma, wadda cibiyar bincikenta ta ƙasa ke Unguwan Rimi, tana kama kyanwa, ita kuma ba bakteriya ba ce, maganinta daban.

Magani

Ga Mycoplasma, maganin da aka fi bayarwa shi ne doksisaikilin, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, na mako 2 zuwa 4. Lissafin nan aikin likita ne. Kafson da ake sayarwa a kemis miligiram 100 ne, na mutum, alhali kyanwa mai kilo 3 ba ta bukatar ko sulusinsa. Akwai kuma wani haɗari: idan aka tura mata ƙwayar a bushe tana iya maƙalewa a bututun da abinci ke bi zuwa ciki, ta ƙone shi, wurin ya warke a tsuke har ta kasa haɗiya. Shi ya sa ake bin kowace ƙwaya da ruwa kamar cikin ƙaramin cokali ta sirinji marar allura, ko da ɗan abinci. Idan doksisaikilin bai karɓe ta ba, likita na iya komawa ga marbofuloksasin ko firadofuloksasin. Amoksisilin da amfisilin, waɗanda hannu ya fi saurin kaiwa gare su, ba sa yi wa wannan ƙwaya komai, tun da ba ta da ɓawon da suke fasawa.

Sauƙi kan fara bayyana cikin 'yan kwanaki, kyanwar ta koma cin abinci, launin dasashi ya fara dawowa. A nan ne ake yawan yin kuskuren dakatar da magani. Ƙwayar ba ta ƙare ba, raguwa ta yi, kuma ko an kammala maganin ba kullum take fita gaba ɗaya ba. Ana sake auna PCV bayan mako ɗaya ko biyu don a tabbatar jinin yana hawa. Idan garkuwar jiki ta ci gaba da narkar da jinin, likita na iya ƙara firedinisolon na ɗan lokaci.

Wadda jininta ya yi ƙasa sosai tana bukatar ƙarin jini. Maguna na da rukunin jini uku, A, B da AB, kuma mai rukunin B idan aka sa mata na A tana iya mutuwa nan take, ko da karon farko ne. Dole a gwada dacewar jinin biyu tukuna. Mai bayarwa kan zama babbar kyanwa mai lafiya da ta haura kilo 4, a ɗebi mililita 40 zuwa 50, bayan an tabbatar ita ma ba ta ɗauke da ƙwayar.

Kyanwa mai Bartonella da ke cikin ƙoshin lafiya ba a ba ta maganin kashe ƙwayoyi, domin ba ya tabbatar da fitar ƙwayar, yana kuma koya wa bakteriya jure magani. Kashe ƙuma shi ne maganinta. Sai wadda ta nuna ciwo ne ake ɗora wa magani na makonni.

Gubar jini kuwa kwanciya asibiti take bukata. Ana ba da magungunan kashe ƙwayoyi masu faɗin aiki ta jijiya ba tare da ɓata lokaci ba. Ana ƙarin ruwa a hankali, domin huhun kyanwa na saurin cika da ruwa idan aka zuba da yawa. Ana ɗumama jikin sannu a hankali, a ba da iskar oksijin da maganin zafin ciwo, a gyara sukarin jini. Sannan dole a kawar da tushen: a fasa ƙurjin a wanke, a zuƙe mugunyar ƙirji, a cire mahaifar da ta ruɓe, a ɗinke hanjin da ya huje. Muddin tushen na nan, allura ba ta isa. Ciyarwa ma magani ce, domin kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse kan taru mata a hanta, wani ciwon ya hau kan wani.

Magungunan da ke kashe kyanwa

Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da wasu magungunan da mutum da kare ke ɗauka lafiya. Farasitamol ne kan gaba. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Ibufurofen da dikulofenak na lalata ƙoda da ciki.

Shagunan magungunan dabbobi kuma, kayansu akasari na shanu, tumaki da kaji ne, an haɗa su da ƙarfin da ya dace da manyan dabbobi ko garke guda. Enrofuloksasin da ake zuba wa kaji a ruwa, idan ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo a rana, yana iya lalata tantanin gani da ke bayan idon kyanwa ta makance har abada. Maganin ƙuma da kaska na kare mai sinadarin fametirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Fiya-fiya, kananzir da ruwan wankan shanu ma haka, domin duk abin da aka shafa wa kyanwa sai ta lashe shi.

Rigakafi da kare mutanen gida

Yaƙi da ƙuma na rufe ƙofa mafi faɗi. Akwai magungunan da aka yi wa kyanwa musamman, masu fifronil, imidakulofirid ko selamektin, waɗanda ake ɗiga wa fatar ƙeya sau ɗaya a wata, inda harshenta ba ya kaiwa. Ana yi wa duk dabbobin gidan lokaci ɗaya. Tun da kusan kashi 95 cikin 100 na ƙuma a ƙasa suke a matsayin ƙwai da tsutsa, dole a haɗa da shara, wanke tsumman kwanciyarta da ruwan zafi, da shanya tabarma da katifa a rana. Akan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin gida ya tsarkaka.

Fiɗiye muzuru a asibiti na rage masa yawo da faɗa, cire wa mace mahaifa kuma na kawar da haɗarin ruɓarta. Allurar rigakafin 'ya'yan kyanwa na farawa daga mako 8 ko 9, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4, ta haukan kare kuma daga wata 3. Duk cizon da aka gani a jikinta, a aske gashin wurin, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a kai ta likita kafin ya tara ruwa.

Ga mutane, ko kyanwar Lami ce a gidan, yaƙushi na iya faruwa wajen wasa ko wajen ba da magani. Wurin da ta yaƙusa ko ta ciza ana wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu nan take, kuma ba a barin ta lashi rauni. Cizon da ya huda fata, musamman a hannu, na bukatar ganin likita a ranar, domin Pasteurella na iya kumbura hannu cikin sa'o'i, ga kuma batun haukan kare idan ba a san kyanwar ba. Yaron da kaluluwa ta fito masa ta ƙi sauka, a gaya wa likita cewa akwai kyanwa a gidan, shi zai bambance ciwon yaƙushi da tarin fuka da sauran abubuwan da ke kumbura kaluluwa. Gidan da ke da mai raunin garkuwar jiki ba sai ya rabu da kyanwarsa ba. Abin da ake bukata shi ne a raba ta da ƙuma, a guji wasan kokawa da ita, idan kuma sabuwa za a kawo a zaɓi wadda ta haura shekara ɗaya.